Abin da Na Yanke a Bidiyon Baba

Mahaifina dillalin tumaki ne a kasuwar Shinkafi, kuma da ni ne mai raba sana'a, da ban ba shi dillanci ba. A tunanina na wancan lokaci, dillali shi ne mai bakin da zai sa ka kalli tunkiya ka ɗauka maraƙi ce. Baba kuwa da aibi yake farawa. Mai saye zai tsaya yana shafa bayan rago, ransa ya riga ya biya, sai Baba ya kama kunnen ragon ya juya, ya ce ga tsaga nan. Ya buɗe masa baki ya ce haƙori bai gama fita ba. Ya ɗaga ƙafa ya ce ya yi ciwon kofato da damina. Sai ya gama tona wa dabba asiri tas, sannan ya faɗi alherinta a taƙaice, kamar mai jin nauyi. Masu dabbobin suna ta yi masa ƙorafi, amma duk Alhamis, ranar kasuwa, su ne dai a turkensa, domin abin da ya sayar ba ya dawowa.

Mu mutanen Zurmi ne, can gidanmu yake har gobe. Ni na yi karatun kwamfuta a Kaura Namoda, na buɗe ɗan shago a can kusa da tasha ina buga takardu, ina cike wa ɗalibai fom, ina tura wa mutane kuɗi da cirewa. Ina da saurin hannu da saurin fushi, kuma na yi imani duk maganar da ta wuce minti ɗaya ɓarnar data ce. Baba ya laƙaba min Injiniya, kuma ba don yabo ba.

A cikin masu sayen Baba akwai wani dattijo Bayarabe daga Ibadan, muna ce masa Baba Alhaji. Tun ba a haife ni ba yake zuwa. A da ta jirgin ƙasa yake sauka Kaura, daga baya ya koma bin manyan motoci. A ɗakin zaurenmu yake kwana, yana ce wa Baba "mai gidana", kuma Hausar da ya iya a bakin Baba ya koya, shi ya sa idan ya buɗe baki sai ka ji Bazamfare da muryar Yarabawa. Kowace shekara gab da Babbar Sallah yana sayen raguna na kasuwa, sannan ya ware guda ɗaya na layyarsa. Wannan ɗayan ba ya ko taɓa shi. Baba zai nuna masa biyu ko uku, ya faɗi aibin kowanne, shi kuma ya nuna da sanda, shi ke nan.

Sai hanya ta lalace. Ba sai na yi wa kowa bayanin abin da ya sami hanyoyinmu ba. Fatake suka ɗauke ƙafa, Baba Alhaji ga tsufa, 'ya'yansa suka hana shi tafiya. Baba ya riƙa dawowa daga Shinkafi da la'adar da ba ta kai kuɗin babur ba. Bai taɓa cewa komai ba, amma na lura ya daina sayo tsire ranar kasuwa.

Nan ne na ga ranata ta zo. Na ce masa mai saye ba sai ya zo ba, rago ne zai je wurinsa ta waya. A ɗauki hoto, a ɗauki bidiyo, a tura. Idan ya zaɓa ya turo kuɗi ta banki, a shafa wa ragon fenti, a ba direba, a bi motar da waya har ta sauka. Baba ya dube ni.

"To, da mi za shi taɓa ragon?" ya ce.

Na ce ai shi Baba Alhaji dama ba taɓawa yake yi ba, bakinka yake saye. Wannan maganar ce ta ci shi. Ni kuwa na faɗe ta ne kawai don in ci musu, ban tsaya na ji abin da na ce ba.

Abu ya karɓu fiye da yadda na zata. Baba Alhaji ya sa mu cikin wani zauren waya na 'yan kasuwar raguna na can Kudu, sai ga mutanen da ba su taɓa taka Zamfara ba suna tambayar balami da uda. Makiyaya daga wajen Galadi da ke tsoron komawa gida da damin kuɗi a aljihu suka ji daɗi, don yanzu sai dai waya ta yi ƙara. Baba da kansa ya zama abin kallo. Idan za a ɗauki bidiyo sai ya gyara hula. Yana yi wa waya magana da ƙarfi, wai Ibadan da nisa. Ran da kuɗi suka fara shigowa na nuna masa saƙon banki, ya juya wayar ya duba bayanta. Duk Alhamis nakan rufe shago in same shi a kasuwa, mu yi ta faɗa a kan haske da tsayuwar rago. Ina jin daɗin ranakun nan ƙwarai, ko da yake a lokacin ban san ina jin daɗinsu ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya: Baba ba ya gajarta magana. Bidiyon rago guda sai ya fara da sallama, ya tambayi gida, ya tambayi ruwan sama a garin mai saye, sannan ya shiga jero aibi. Na sha gaya masa cewa a waya mutane daƙiƙa goma suke kallo su wuce, kuma babu mai tallan kaya da ke fara kushe kayansa. Sai ya ce, "Kai dai riƙe abinka, bari in yi nawa."

A shekarar da nake ba da labari, uwargidan Baba Alhaji ta rasu kamar mako biyu kafin Sallah. Labarin ya zo mana a rubuce daga ɗansa. Baba ya kira sau da yawa bai samu ba, ran da ya samu kuma gidan cike yake da masu gaisuwa, wani jika ne ya ɗauka. Baba ya ce ba komai, ranar Alhamis idan za a nuna ragon layya zai yi ta'aziyyar da bakinsa, Alhaji ya ga fuskarsa.

Alhamis ɗin ita ce kasuwar ƙarshe kafin Sallah. Wanda ya san Shinkafi a irin ranar ya san ba wurin sa ƙafa, kuma idan mutane suka yi yawa sabis sai ya zama kamar rijiya a ƙarshen rani. Ragunan kasuwa na Baba Alhaji an riga an gama maganarsu ta hoto, an shafa musu jan fenti. Saura na layyarsa. Baba ya ɗaure balami biyu farare. A gefensu akwai wani ƙaton uda na wani Bafulatani, gaba baƙi baya fari, ƙahonsa ya naɗe sau biyu. Duk wanda ya wuce sai ya waiwayo.

Na ɗaga waya, Baba ya gyara hula. Ya yi sallama. Sai muryarsa ta sauka ƙasa yadda ban saba ji ba, ya yi wa abokinsa ta'aziyya, ya tuna yajin da marigayiyar take aiko wa mahaifiyata, ya yi mata addu'a mai tsawo. Ni idona na kan batir. Daga nan ya koma kan raguna. Balami na farko ya ce gajere ne. Na biyu ya ce ya ɗan yi tari amma ya warke. Ya dafa udan ya ce:

"Wanga kuwa, Alhaji, ka gane shi ƙato, amma idonai na hagu ba shi gani, hakiya ta rufe shi. Na nama na, ba na layya ba na. Na gwada maka shi don ƙila kana son nama saboda baƙi."

Sannan aka kwance su aka zagaya da su ɗaya bayan ɗaya. Bidiyo ya tashi minti huɗu da wani abu.

Na danna turawa. Ɗan da'irar nan ya fara juyawa, ya kai rabi, ya koma farko. Na hau kan wani tarin buhunan dusa, ya sake komawa. Na fita bakin titi, haka. Direban motar ya riga ya loda, yana ta danna oda, yana cewa shi ba zai bari la'asar ta same shi a wannan hanya ba, kuma yana da gaskiya. Kaina ya ɗau zafi. Na ja yatsa na datse bidiyon, na zubar da minti uku da rabi na farko, na bar inda raguna ke tafiya. Nan take ya wuce.

Zan iya cewa sabis ne ya sa ni, kuma na daɗe ina gaya wa kaina haka. Amma gaskiya ita ce na ji maganar idon da kunnena, kuma da nake datsewa akwai ɗan daɗi a raina, na wanda ya samu damar gwada cewa hanyarsa ce daidai. A guntun da na tura, udan ya ba waya gefensa na dama, yana taku kamar shi ya mallaki kasuwar.

Amsa ta zo a rubuce, kalma ɗaya: uda.

Na gaya wa Baba. Ya ɗaga kai. "Ya ji aibinai?"

"Ya ga bidiyon, Baba."

Ya ce to, ƙila Alhaji ya samu na layya a can, nama yake so saboda masu zaman makoki. Aka shafa wa udan fenti aka ɗaga shi mota. Na sayi tsire a hanyar komawa, na ci da yawa.

Ranar Lahadi ina gida Zurmi, Sallah saura kwana biyu, muna zaune a zaure da hantsi, sai ƙaramar wayar Baba ta yi ƙara. Yakan buɗe murya kowa ya ji, don haka na ji komai. Baba Alhaji ne. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce raguna sun iso lafiya. Ya ce limamin unguwarsu ya zo ganin na layya, ya duba ya ce ido ɗaya ne, ba ya yi. Ya ce mutane sun taru suna kallon ragon da ya daɗe yana cika baki cewa mai gidansa na Zamfara ne ke zaɓar masa. Sai ya ce:

"Mai gidana, ko dai idonka ya fara rauni? Ka je asibiti a duba. Mun tsufa."

Na ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Mutumin ya duba hanya biyu, ko dai abokinsa ya cuce shi ko ya makance, sai ya zaɓar masa makanta don ita ce mai sauƙi.

Baba ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya, ba tsawo. Kalma uku ta ishe shi ya wanke kansa, ya ce yaron nan ne. Ina jira ya faɗa, har na fara shirya abin da zan ce a kan sabis. Sai na ji ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji. Abin da yaf faru bai kyautu ba. Ka nemi wani nan kusa, ni ka ɗauke nauyin wanga." Suka yi sallama a gajarce, irin wadda ban taɓa jin sun yi ba.

Ya ajiye wayar a kan tabarma. "Gwada min abin da kat tura."

Na miƙa masa. Ya kalli raguna uku suna wucewa, ba sallama, ba murya sai hayaniyar kasuwa. Kafin ya gyara zama bidiyon ya ƙare.

"Ina sauran?"

Na fara zuba. Na ce sabis, na ce direba, na ce la'asar. Har na ce, Allah ya yafe min, da ma ya rage surutu da ba a kai ga haka ba. Ya miƙo min wayata da hannu biyu kamar yadda ake mayar wa baƙo kayansa, ya ɗauki kwandon harawa ya shiga cikin gida wajen tumakinsa. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa in yi fushi. Bai ba ni ko wannan ba.

Na zauna ni kaɗai ina jin haushin kowa, har da limamin da ban taɓa gani ba. Da haushin ya lafa, abin da ya rage shi ne wannan: akwai wani tsoho a Ibadan da yanzu yake ganin maganar Baba ba abin dogaro ba ce, kuma Baba ya gwammace a bar shi haka da ya kunyata ni a gaban abokinsa. Shekara talatin da ɗoriya yana juya kunnen rago a gaban mai saye, ni na zubar da shi da yatsa ɗaya.

Allah ya taimake ni ban goge cikakken bidiyon ba. Sabis ɗin Zurmi a ranar ba zai ɗauke shi ba, na gwada. Ban gaya wa kowa ba na hau babur na nufi Kaura, mahaifiyata tana kira na daga ƙofa tana cewa wa ke bin hanya ana jibi Sallah ba dalili. Na buɗe shago, na jona wayar da na'urar intanet ɗina, na tura minti huɗun duka. Wannan karon na zauna na saurare shi daga farko, kuma a nan ne na ji ta'aziyyar sosai, na ji inda muryar Baba ta karye wajen maganar yaji. Ni ne na riƙe wayar ranar, amma ban ji ba.

Sannan na danna wurin saƙon murya. Sau uku ina gogewa, don duk lokacin sai in ji sabis ya shigo cikin maganar. A na huɗu na ce, "Baba Alhaji, ni ne ɗan mai gidanka. Ga abin da Baba ya faɗa ranar Alhamis, dukansa. Ni na yanke shi, bai sani ba. Ya faɗi aibin ragon, na ji, na cire. Idonsa lafiya lau. Ka yafe min." Ban kai daƙiƙa ashirin ba, kuma ban taɓa yin magana mai nauyinta ba.

Alama ta nuna an buɗe. Na jira har azahar ta wuce, shiru. Na rufe shago na koma gida.

Washegari da safe, ina taya ƙannena wanke ragon gidanmu, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne, minti bakwai. Ban buɗe ba. Na goge hannu na kai wa Baba a zaure, na durƙusa na ce Baba Alhaji ne ya aiko, kuma na gaya masa abin da na yi jiya. Bai ce madalla ba, bai ce don me ba. Ya ce, "Kunna."

Baba Alhaji ya fara da sallama, cikakkiya. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa addu'ar da aka yi wa matarsa jimla bayan jimla, yana cewa amin, kamar yanzu Baba yake yin ta. Ya ce ya samu wani ɗan rago a unguwa, ƙarami ne amma idonsa biyu. Udan kuwa ya yanka an raba sadaka saboda marigayiya, don haka kada a sake yi masa maganar ɗaukar nauyi. Ni kuma ya ce Allah ya shirye ni, ya ce shi ma yana da irina biyu a gida. Sai muryarsa ta canza.

"Mai gidana, in gaya maka gaskiya, ba idon ragon yab ɓata min rai ba. Ranar nan ina zaune cikin mutane, anka ce ga saƙo daga Zamfara. Nic ce ma yara ku yi shiru, ɗan'uwana za shi yi min gaisuwa. Anka kunna, sai raguna. Nic ce to, ashe ni mai saye na kawai. Kwana ukku abinci bai shiga ba. Jiya da dare nic ci tuwo."

Baba ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma. Ban taɓa ganin hawayensa ba, kuma ranar ma ban gani ba, don na kau da kai da gangan, nawa sun ishe ni. Ina son mutumin nan, kuma sai a zauren nan na san yawan son.

Saƙon ya ƙare. Baba ya gyara hula, ya share murya, ya nuna wayar da haɓa.

"Danna min wurin magana," ya ce. "Kuma ka zamna nan har in ƙare."

Na danna, na riƙe masa. Ya yi minti tara.